Lauyoyin Sa Kai a Kotunan Ƙasashen Waje: Tarihin Aikinsu a Ruwanda da Matsalar Harshe (1996-2012)

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce mu bi tarihin wani aiki da ya bunƙasa bayan 1990, watau aikin lauyoyin da ke barin ƙasashensu na ɗan lokaci, su tafi wata ƙasa su taimaka a tayar da shari'a, ba don neman kuɗi ba. Wannan shi muke kira aikin sa kai. Abin da suke cewa sun je ginawa kuwa shi ne État de droit na Faransanci, wanda a nan za mu kira mulkin doka: halin da mai mulki da talaka ke ƙarƙashin doka guda, kuma ba a ɗaure mutum sai an ji ta bakinsa.

Mun zaɓi misalin Ruwanda saboda dalili biyu. Na farko, a can ne aka fi jarraba wannan aiki, domin rayukan mutane ne a kan sikeli. Na biyu, a can ne matsalar harshe ta fito fili, matsalar da marubuta tarihin shari'a ba su cika tsayawa kanta ba. Za mu fara da asalin al'amarin, sa'an nan halin Ruwanda bayan 1994 da aikin lauyoyin, kana mu dubi harshe. Daga ƙarshe za mu kwatanta da wata shari'a da aka yi a Katsina.

2. Asalin al'amarin

Kai ilmin doka daga wata ƙasa zuwa wata ba sabon abu ba ne. A shekarun 1950, Sarki Haile Selassie ya gayyaci masanan Turai su tsara wa Habasha dokoki. Bafaranshe René David ne ya rubuta kundin dokokin zaman jama'a da ya fara aiki a 1960. Da Faransanci ya rubuta shi, daga baya aka juya shi zuwa Amharanci da Ingilishi. Daga 1962 kuma, gidauniyar Ford ta Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna SAILER, wanda ya riƙa aiko malaman doka zuwa sababbin jami'o'in Afirka. Tunanin lokacin shi ne, in aka dasa dokar zamani da makarantar lauyoyi, ci gaba zai biyo baya da kansa. Ba a daɗe ba wannan fata ya dushe. A 1974, biyu daga cikin masanan da suka yi aikin, David Trubek da Marc Galanter, sun wallafa wata maƙala inda suka nuna cewa an ɗauki tsarin Amurka tamkar shi ne ma'aunin duniya, ba tare da an san yadda jama'ar ƙasashen ke raba gardamarsu ba.

Faɗuwar katangar Berlin a 1989 ta farfaɗo da aikin. A 1990 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta buɗe shirin CEELI domin ƙasashen tsakiya da gabashin Turai. Lauyoyi da alƙalai dubbai suka sa kai: wasu suka zauna shekara guda a ƙasashe irin su Bulgeriya da Romaniya, wasu suka riƙa duba daftarin tsarin mulki daga gida suna aika ra'ayi. A 2007 aka haɗe wannan shiri da takwarorinsa na sauran nahiyoyi. A ɓangaren masu Faransanci kuwa, wasu lauyoyin Beljiyam sun kafa Avocats Sans Frontières (ASF), watau lauyoyin da ba su san iyaka ba, a birnin Brussel a 1992. Bambancin hanyoyin biyu yana da muhimmanci. Ƴan CEELI mashawarta ne, suna aiki da ministoci da majalisu, abokan aikinsu kuma masu ilmi ne da ke jin harsunan waje. Ƴan ASF kuwa sun yi niyyar sa rigar lauya su tsaya gaban alƙali kusa da wanda ake tuhuma, wanda sau da yawa manomi ne da bai taɓa shiga lakwal ba.

3. Halin Ruwanda bayan Yuli 1994

Daga 7 ga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli 1994 an kashe mutum wajen dubu 800 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mafi yawansu Tutsi. Hukumomin Ruwanda sun ce adadin ya wuce miliyan 1. Ma'aikatar shari'a ta rushe tare da sauran ƙasa. Alƙalai da masu gabatar da ƙara, wasu an kashe su, wasu sun gudu, wasu kuma su ma ana zarginsu. An wawashe gine-ginen kotuna har takarda ta yi wuya. Kamu kuwa bai tsaya ba: zuwa 1998 akwai fursuna wajen dubu 130 a gidajen kaso da aka gina domin mutum dubu 12, kuma dubbai sun mutu a tsare tun ba a kai su gaban alƙali ba.

Kwamitin Sulhu ya kafa kotun duniya ta Arusha a Nuwamba 1994, amma ita manyan masu shiri kaɗai ta nufa; duk tsawon rayuwarta, har ta rufe a 2015, mutum 93 ta tuhuma. Sauran duka sun rage a wuyan kotunan gida. Hukumomin Kigali ba su yarda alƙalan waje su hau kujerar shari'a ba, suna ganin hukunci haƙƙin ƙasa ne. Sai aka horar da sababbin alƙalai da jami'an bincike cikin ƴan watanni, da taimakon ƙungiyoyi irin su RCN ta Beljiyam.

Ran 30 ga Agusta 1996 aka fitar da dokar da ta tsara shari'ar. Ta kasa masu laifi kashi 4: na farko, waɗanda suka shirya kisan, da shugabanni, da mashahuran makasa, da masu azabtarwa ta hanyar fyaɗe, hukuncinsu yana iya kaiwa kisa, na biyu, sauran makasa, na uku, waɗanda suka raunata mutane, na huɗu, waɗanda suka taɓa dukiya. Dokar ta kuma shigo da wani abu da tsarin da aka gada daga Beljiyam bai saba da shi ba: wanda ya amsa laifinsa dalla-dalla, ya ambaci abokan aikinsa, ya nemi gafara, za a rage masa hukunci. Mu lura da wannan, domin ya mai da furucin bakin mutum ya zama jigon shari'ar.

4. Aikin lauyoyin

An buɗe shari'ar farko ran 27 ga Disamba 1996 a Kibungo. Mutum biyu, Déogratias Bizimana da Égide Gatanazi, aka gurfanar ba tare da lauya ba. Zaman bai wuce ƴan sa'o'i ba, kuma ran 3 ga Janairu 1997 aka yanke musu hukuncin kisa. A lokacin babu ƙungiyar lauyoyi a ƙasar ma. Sai a 1997 doka ta kafa ta, da mambobi ƴan ƙalilan. Cikin waɗannan, da yawa sun rasa danginsu a kisan, wasu kuma suna tsoron abin da maƙwabta za su ce in aka gan su suna kare wanda ake zargi.

Wannan giɓi ne ASF ta shigo ta cike da shirinta mai suna «Justice pour tous au Rwanda», watau adalci ga kowa. Lauyoyi suka riƙa zuwa bi da bi, kowa ya yi ƴan makonni ko watanni ya koma, wani ya karɓa. Ba Turawa kaɗai ba ne: da yawa sun fito daga ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, domin tsarin kotunansu da na Ruwanda tushensu ɗaya. Misalin da ya fi shahara shi ne na Froduald Karamira, jigon jam'iyyar MDR, wanda jawabinsa na Oktoba 1993 ya yaɗa taken «Hutu Power». Lauyan da ya tsaya masa a Kigali a Janairu 1997 ɗan ƙasar Benin ne, Paul Kato Atita. An yanke wa Karamira hukuncin kisa a Fabrairu 1997, aka harbe shi a bainar jama'a ran 24 ga Afrilu 1998, ranar da aka kashe mutum 22 a wurare daban-daban na ƙasar. Daga su ba a sake zartar da irin wannan hukunci ba, har aka soke shi a 2007.

Me lauyan waje ya kawo ke nan, tun da wanda ya kare bai tsira ba? Muna ganin abu uku. Da farko ya kawo ƙa'ida: neman a ɗaga zama don a karanta dosiye, neman a kira shaidun wanda ake tuhuma, ɗaukaka ƙara cikin wa'adi. Sababbin alƙalan da suka yi karatun wata huɗu ko shida sun koyi da yawa daga wannan ja-in-ja. Na biyu, ya kawo ido: abin da aka yi a gabansa za a ji shi a waje. Na uku, ya nuna cewa tsayawa kusa da wanda ake zargi ba goyon bayan laifi ba ne, musamman da yake lauyoyin ASF suna wakiltar waɗanda suka tsira su ma, a neman diyya. Wannan ya sauƙaƙa wa lauyoyin gida shiga aikin daga baya.

Amma iyakar aikin a bayyane take. Daga Disamba 1996 zuwa 1998, mutum 1292 kaɗai aka yi wa shari'a. In aka ci gaba da wannan tafiya, ƙarni guda ba zai isa ba. Lauyoyin ba su kai ko'ina ba, musamman arewa maso yamma inda ake yaƙi a 1997 da 1998. Kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne: wanda ya fara shari'a sau da yawa ba shi ke ƙarasa ta ba. Shi ya sa daga 1998 cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Danmak ta bi wata hanya, ta horar da ƴan ƙasa waɗanda ba cikakkun lauyoyi ba, aka ba su izinin kare mutane a kotunan matakin farko. Ilminsu na doka bai kai na baƙin ba, amma suna da abin da baƙin ba su da shi, watau harshe.

5. Matsalar harshe

5.1. Dosiye da tafinta

Ruwanda na cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da kusan kowa ke jin harshe guda, Kinyarwanda. Da shi aka ɗauki bayanan shaidu, da shi aka yi muhawara. Ke nan a ɗakin shari'a lauyan sa kai ne kaɗai kurma. Kafin ya san abin da ake zargin mutuminsa da shi, sai an fassara masa dosiye. Kafin ya gana da shi a gidan kaso, sai da tafinta a tsakani. A zaman kotu kuma raɗa ake yi masa a kunne, ya ji amsar shaida bayan alƙali da jama'a sun riga sun ji ta, sun yi dariya ko sun yi tsaki. Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa ya zama na mutum uku, na ukun kuwa ɗan ƙasa ne da shi ma yana da nasa matattu ko nasa fursunoni. Wannan juyin halin da muka saba gani ne a kotunanmu, inda doka ke magana da Faransanci, talaka ke jiran tafinta.

5.2. Kalmomin kisa

Fassara kalma da kalma ba ta wadatar ba, domin masu kisan sun yi aiki da zaurance. Gukora ma'anarsa yin aiki, amma a bakin ƴan shinge a 1994 yana nufin kashewa. Inyenzi kyankyaso ne. Suna ne da aka san ƴan tawayen shekarun 1960 da shi, daga baya ya koma zagi ga Tutsi baki ɗaya. Ibyitso, watau masu haɗa baki da abokan gaba, da Inkotanyi, sunan mayaƙan FPR, su ma sun faɗaɗa haka. In shaida ya ce shugaban gunduma ya umarci mutane su tafi aiki su kawar da Inkotanyi, tafinta na iya ba da jimlar daidai, lauya kuma ya fahimci umarnin yaƙi da sojoji, alhali kowa a ɗakin ya ji umarnin kashe maƙwabta. Laifin kisan ƙare dangi kuwa a kan niyya ya rataya, niyya kuma a cikin kalmomi take. Ko sunan laifin kansa sai da aka ƙirƙiro: itsembabwoko, daga gutsemba, ƙarar da abu, da ubwoko, iri ko dangi. Daga baya hukuma ta fifita aro, jenoside.

5.3. Gani da ji

Kotun Arusha, ko da yake lauyoyinta ba ƴan sa kai ba ne, ta bar mana shaida a rubuce kan wannan matsala. A shari'ar Jean-Paul Akayesu, tsohon shugaban gundumar Taba, wadda aka yanke ran 2 ga Satumba 1998, alƙalai sun kira masanin harshe, Mathias Ruzindana, ya yi musu bayanin waɗannan kalmomi da kuma waɗanda ake sakaya fyaɗe da su. Ya kuma bayyana cewa a al'adar baka, mai ba da labari yakan faɗi abu a matsayin abin da ya sani, ko ya gani da idonsa ko an gaya masa, sai in an tambaye shi takamaimai. Lauyan da bai san haka ba zai ɗauki shaida maƙaryaci, ko kuwa ya bar jita-jita ta wuce a matsayin gani da ido.

Mai jin Hausa ba zai yi mamaki ba. Mu dubi aikatau ji: yana ɗauke da sauraro, da fahimta, da ɗanɗano, da yarda. In alƙali ya karanta wa mutum tuhuma ya ce «na ji», me magatakarda zai rubuta? J'ai entendu, j'ai compris, ko je reconnais? Na farko ba ya ɗaure kowa, na uku kuwa iƙirari ne. A ƙarƙashin doka irin ta 1996, wadda ta ɗora ragin hukunci a kan amsa laifi, irin wannan tazara na iya zama shekaru a gidan kaso.

6. Gacaca: shari'a ba lauya

Da aka ga kotuna ba za su iya ba, sai hukuma ta juya ga gacaca. Mai karatun Hausa zai furta kalmar daidai yadda take a rubuce, domin c ɗinsu irin namu ne. Asalinta sunan ciyawar da dattawa ke zama a kai suna sasanta rigima. Dokar Janairu 2001 ta mai da ita kotun hukuma. A Oktoba na shekarar aka zaɓi alƙalai daga cikin jama'a, inyangamugayo, watau mutanen kirki. An fara gwaji a Yuni 2002, aka bazu ko'ina a 2005, aka rufe ran 18 ga Yuni 2012, bayan kotuna fiye da dubu 12 sun duba ƙararraki kusan miliyan 2, mafi yawansu na dukiya.

Gacaca ta warware matsalar harshe da ta yawa a lokaci guda, amma ta hana lauya shiga. ASF ta koma horar da alƙalai da sa ido a zaman shari'a tana rubuta rahoto. Masu sa ido, ciki har da Human Rights Watch, sun nuna shaidar zur, da tsoratar da shaidu, da hukuncin da ba a bayyana dalilinsa ba, da kuma cewa laifuffukan da ake zargin sojojin FPR da su ba su shiga ba. Abin lura a nan shi ne zaɓin da tarihi ya ajiye wa fursunan Ruwanda: ko lauyan da ba ya jin harshensa, ko harshensa ba tare da lauya ba.

7. Kwatanci da Katsina

Akwai shari'ar da ta nuna hanya ta uku, kuma da Hausa aka yi ta. A Maris 2002 kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa bisa zargin zina. Kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Lauyoyin sa kai na ASF daga Faransa da Kanada sun zo, amma ba su ne suka yi magana gaban alƙalai ba. Lauyoyin gida ne suka tsaya, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da goyon bayan ƙungiyoyin mata na WRAPA da BAOBAB. Hujjojinsu daga cikin fiƙihun Malikiyya suka fito: mai iƙirari na da damar janye iƙirarinsa; alƙali guda ya yi shari'ar alhali dokar jihar ta ce uku; cikin matar da aka saka na iya zama kwantacce, a jingina shi ga tsohon miji har shekara 5. Lauyoyin sun kuma kawo cewa ba a yi mata bayanin ma'anar zina a shari'a ba, kalmar Larabci da kowa ke furtawa amma sharuɗɗanta malamai kaɗai suka sani. Ran 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta sallame ta, alƙalai 4 cikin 5 suka yarda.

A Mayu 2003 BAOBAB ta roƙi masu aiko takardun koke daga waje su dakata, domin da yawa na ɗauke da kuskure kuma suna harzuƙa jama'a. Ke nan taimakon waje ya yi amfani inda ya tsaya bayan ƴan gida, da bincike da kuɗi da halartar zama, ya kusa yin ɓarna inda ya nemi yin magana a madadinsu.

8. Kammalawa

Daga abin da muka gani za mu iya fitar da abu uku. Na farko, lauyan sa kai ya fi amfani a lokacin da ba kowa, kamar Ruwanda ta 1997, inda zuwansa ya hana shari'a ta zama ramuwar gayya zalla. Na biyu, abin da ya ɗore bayan tafiyarsa shi ne abin da ya shiga hannun ƴan ƙasa: ƙungiyar lauyoyi, masu kariya da aka horar, alƙalan da suka saba a yi musu gardama. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma rushe hukumar USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya tuna wa kowa cewa shirin da ya dogara da kuɗin waje na iya tsayawa dare ɗaya. Na uku, a duk wannan tarihi an fi kashe kuɗi wajen kawo lauyoyi bisa horar da tafintoci da tsara kalmomin shari'a, alhali ta bakin tafinta kowace kalma ke bi.

Wannan batu na uku ya shafe mu kai tsaye. A Nijar lauyoyi sun taru a Yamai, kuma hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011 tana dogara da masu kariya waɗanda ba lauyoyi ba a sauran jihohi. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Matsayi a takarda bai isa ya gaya wa magatakarda a Maraɗi ko Damagaram yadda zai rubuta «na ji» ba. Wannan aiki ne da ke jiran masana harshe da masana doka su zauna tare: tattara kalmomin da alƙalai da sarakuna da malamai ke aiki da su, nazarin yadda ake fassara a zaman kotu, da horar da tafinta a matsayin mai sana'a. Muna fata ɗalibanmu masu neman batun bincike za su dubi wannan fage.